Sawun da Ba Ya Kan Ƙasa

Matan da ke sarin alayyafo ne suka fara ganinsa, rana ta kusa tsaka. Sule na kwance rigingine a ƙofar ɗakin injin ban-ruwa, cikin lambunsa na bakin tabkin Madarumfa, jini ya bushe a ƙirjin rigarsa. Suka watsar da kwanduna, suka yi cikin gari da salati da kururuwa.

Abin haushin, babu wanda bai ji harbin ba. Lokaci ne da dawa ta yi kai, tsuntsayen jan-baki kuma suna tasowa daga itatuwan bakin ruwa kamar an aiko su. Kowace safiya manoma na bisa rudu, dogon gadon itacen nan da ake kafawa a gona don tsaro, suna kaɗa gwangwani, masu hali kuma su ɗura wa bindigar toka albarushi zalla su harba don ƙara. To, wa zai ajiye kokonsa ya fita don ya ji bindiga a irin wannan wata? Babu.

Ilyasu, wan mamacin uwa ɗaya uba ɗaya, yana can wajen Gabi bin shanun sata aka buga masa waya. Shi ne mai bin sawun da ake ji da shi tun daga Gabi har Sarkin Yamma, mutumin da in ya dubi ƙasa zai gaya maka ko mai tafiyar a ƙoshe ya wuce ko da yunwa. Ya sauka daga kabu-kabu, bai yi kuka ba, bai amsa gaisuwar kowa ba.

"Ku ja baya," ya ce. "Kuna tattake mini magana."

Lambun ba shi da wuyar ganewa. Ɗakin injin bangon laka gare shi a baya, gabansa kuma, wanda ke kallon gabas, tsofaffin kwanon rufi ne aka jera. Gefensa ga rijiya mai faɗin baki, daidai da ƙasa, ba murfi. Daga gabas wata 'yar hanyar masunta ta ratsa lambun ta gangara tabki. Bayan hanyar sai doguwar dangar kara wadda ta fi tsayin mutum, ita ta raba lambun da gonar dawar Garba, aminin Ilyasu tun suna yawo ba wando.

A jikin kwanon, Ilyasu ya ga huda biyu sababbi, bakinsu fari ƙal ba tsatsa, ba irin na tsohuwar ƙusa ba. Ya shiga ciki ya tono ƙwayoyin ƙarfe biyu daga bangon laka, irin na cikin ƙafar keke. Waɗannan su ne suka kuskure Sule. 'Yan'uwansu na cikin ƙirjinsa. Ya sa sanda ya ja layi a ƙasa, daga gindin bango, ta ƙarƙashin hudar kwano, ya miƙe gabas. Layin bai yi wata-wata ba, ya je ya faɗa kan wani sawu a hanyar masunta: ƙafa ba takalmi, gajeriya, babban yatsan hagu a karkace. Mai ita ya tsaya cak yana fuskantar ɗakin, daga baya ya juya ya zura da gudu.

Duk Madarumfa mutum ɗaya ke da wannan yatsa. Mansur masunci ne, wanda ranar kasuwa, a gaban jama'a, ya ce wa Sule, "In ka toshe mana hanyar nan sai na ga bayanka."

* * *

Jandarmomi sun zo sun duba, sun tafi da Mansur, suka sallame shi don ba a sami bindiga a wurinsa ba, ba kuma wanda ya gan shi yana harbi. Mai unguwa Mahaman, da ya karanci fuskokin mutane, ya ajiye shi a zaurensa, ya ce kada ya kuskura ko leƙe ya yi.

A maƙabarta Garba ne ya shiga kabari ya karɓi gawar. Ya fito idanu jajur, ya kama hannun Ilyasu.

"Aboki, biri ya yi kama da mutum, kowa ya gani. Amma ka yi haƙuri. Ni ma da Hussaina ta faɗa rijiyar nan haƙuri aka ba ni, na kuwa karɓa."

Gaskiya ne, ba wanda ya manta. Shekaru biyu baya, ɗiyar Garba, 'yar ƙarama mai koyon gudu, ta bi 'yar akuya ta ƙasan danga ta faɗa rijiyar Sule. Garba ya tsaya a ƙofar masallaci ya ce ƙaddara ce, ya yafe duniya da lahira. Har liman ya riƙa ba da misali da shi.

"Kai waliyyi ne, Garba," in ji Ilyasu. "Ni ba shi ba ne. Wallahi ba za a yanke dawar bana wanda ya kashe Sule yana taka ƙasar Madarumfa ba."

Da ƙarfi ya faɗa don a ji, aka kuwa ji. Ya koma gida ya sauko da bindigarsa ya goge ta, ya ɗura mata abin da ba na tsuntsu ba. Bindigogi biyu gare shi. Ɗayar tana wurin Garba, ya ara masa tun farkon kaka don korar jan-baki. Kada a ce abin bai ɗarsu a ransa ba, ya ɗarsu. A hanyar dawowa daga maƙabarta har ya saci kallon gonar aminin nasa. Sai ya ga rudun yana can ƙuryar gona ta bakin titi, inda ko aljani ke riƙe da bindigar toka ba za ta kai lambu ba. Kunya ta kama shi, ya yi istigfari.

* * *

Don kada a ce zuciya ta rufe masa ido, ya biya wurin Yusuf mai gyaran keke. Yusuf ne ya fara neman Rashida, wadda ake ce wa Madam, kafin Sule ya aure ta, tsegumin gari kuwa ba ya tsufa. Ilyasu ya zube ƙwayoyin ƙarfen biyu a kan benci.

"Wa ka ba waɗannan?"

Yusuf ya nuna masa wani gwangwani cike da irinsu, an ajiye a bakin hanya. "Wa ban ba ba, Malam Ilyasu? Yara na ɗiba su harbi kurciya da danƙo. Mai wucewa ma ya duƙa ya ɗiba, wa ke ƙirga tsohon ƙarfe?"

"Ranar da abin ya faru ina kake?"

"Ina Maraɗi sayen taya, tun motar farko. Tambayi direba." Ya ajiye sifana, ya dube shi ido cikin ido. "In kuma maganar Madam ce ta kawo ka, matana biyu, ɗiyana bakwai. Abin da ya wuce ya wuce, don Allah."

Direba ya tabbatar. Ilyasu ya ji daɗi ma, don shi ba wani suna yake nema ba, wanda ke hannunsa ya ishe shi.

* * *

Ya sami Mansur rakuɓe a lungun zauren mai unguwa. Mutum ne gajere, kakkaura kamar turmi, amma kwanakin nan sun zabge shi. Yana ganin Ilyasu ya durƙusa.

"Baba Ilyasu, wallahi tallahi gawa na tarar."

"Ka tarar da gawa, ka gudu ka bar wa ƙudaje?"

"Tsoro ne. Bayan abin da bakina ya faɗa a kasuwa, wa zai yarda da ni?"

"Ni dai ban yarda ba. Ina ka jefa bindigar? Tabki?"

"Ban taɓa harba bindiga ba, Baba. Komar kifi na sani da fatsa."

"Ƙasa ba ta yi mini ƙarya, Mansur. Layin harsashi a kan yatsanka ya sauka."

Mai unguwa ya gyara zama. "Ilyasu, ka ji tsoron Allah."

"Ina jin tsoronsa, ranka shi daɗe. Wanga ne bai ji ba." Ya miƙe ya kakkaɓe riga. "Zauren nan ba gona ba ne, ba kuma tabki ba. Yunwar iyalinka za ta fito da kai. Ni ba na gajiya da jira, sana'ata ce."

Ya fita ya bar Mansur yana kuka kamar ƙaramin yaro, kuma ko ɗigon tausayi bai ji ba.

* * *

Rashida, matar marigayin, ita ta aika a kira shi. Malamar lissafi ce a lise, wato sakandare, kowa Madam yake ce mata, yanzu kuwa tana takaba, ba ta fita ko ƙofar gida. Ya tarar da ita a kan tabarma cikin farin hijabi, idanunta a bushe.

"Yaya, an ce ka yi rantsuwa."

"Na yi."

"Madalla. Kada ka ɗauka hana ka zan yi. Da mace na harbi da na riga ka. Amma ni ba jinin kowa nake so ba, na wanda ya zaunar da ni a tabarmar nan nake so. Mi ya sa ka ce Mansur ne?"

Ya ba ta labarin huda biyu, da ramukan bango, da layin da ya ja da sanda. Ta saurara har ya gama.

"Hudar kwano da ramin bango, tsayinsu ɗaya daga ƙasa?"

Ya tuno abin da ya gani. "Ramin bango na daidai cibiyata. Ta kwano ta ɗan fi, kamar taƙi ɗaya. To mi ya dame ni da tsayi? Mutum a ƙasa yake tafiya."

"Mutum kam a ƙasa yake tafiya. Harsashi fa?"

Ta nuna masa kusurwar ɗakin, can ƙasa inda bango biyu suka haɗu da daɓe. "Dubi nan. Layi nawa suka tashi daga wurin?"

"Biyu. Ɗaya ya bi gindin bangon nan, ɗaya wancan."

"Uku. Ga na ukun ya hau sama zuwa rufi." Ta ɗaga yatsa ta nuna ƙwan lantarkin da ke rataye. "In na ce maka ƙwan can taku kaza yake daga bangon nan, taku kaza daga wancan, abin da na gaya maka kawai shi ne inda zai faɗo in igiyarsa ta tsinke. Ban gaya maka inda yake ba sai na ƙara na uku. Kai lamba biyu ka bi, Yaya. Ba hanyar harsashi ka ja da sandarka ba, inuwarta ka ja."

Maganar ta soke shi. Shekara nawa yana bin ƙasa, yau matar ƙanensa ke ce masa inuwa ya bi! Amma ya san shaho ma na da inuwa a ƙasa, kuma ba a kama shi ta nan.

Ta miƙo masa metir irin na magina. "Ka ɗauki kusurwar ɗakin inji, can ƙasa, ita ce mafari. Kowace huda da kowane rami ka kawo mini lamba uku: nawa ya yi gabas, nawa ya yi arewa, nawa ya yi sama. Sawun Mansur ma ka auna."

"Ni da furfurata a maida ni ɗan lakwal, yaron makaranta," ya yi gunaguni. Amma ya karɓa.

* * *

Da ya dawo, ta ɗauki alli ta duƙa a kan simintin tsakar ɗaki. Ba ta daɗe ba.

"Ga lambobin huda, ga na rami. In ka cire waɗannan daga waɗancan, abin da ya rage shi ne tafiyar harsashin: ina ya dosa, yaya yake gangarowa. A aji bektar muke ce masa, kibiya muke zana masa. Yanzu mu bi kibiyar da baya. Duk metir biyu da ka koma gabas, tana hawa taƙi ɗaya. A bango tana metir ɗaya daga ƙasa. Sawun Mansur nawa daga bango?"

"Goma."

"To a nan ta kai metir biyu. Mansur nawa yake?"

 Kan Mansur ko kafaɗar Ilyasu ba ya kaiwa.

"Sai fa in ɗaga bindigar ya yi sama da kansa kamar mai ƙetare gulbi da kaya," ta ce. "Ba shi ba ne, Yaya."

 Ba sauƙi ya ji ba, haushi ya ji, kamar an fizge masa nama daga baki.

"To wane ne?"

"Ƙwaya biyu ne, daga bakin bindiga ɗaya suka fito suka rarrabu. Layi biyu ke nan. In ka bi su da baya suna ta matsowa kusa da juna, inda suka haɗu nan bakin bindigar yake." Ta buga alli a kan siminti. "Wajen metir ashirin gabas, ya ɗan karkata arewa, metir uku sama. Ba zan ce maka daidai wa daida ba, kwano na iya karkatar da ƙarfe. Amma ya ƙetare danga."

"Metir uku? Wa ke tsayawa a iska?"

"Wannan kuma aikinka ne. Ni sama na sani, ƙasa taka ce."

Ya tashi bai yi sallama ba. Wallahi tun kafin ya kai ƙofar gida ya san amsar, ƙafafunsa ne kawai suka ƙi yarda.

Ya bari sai da rana ta yi zafi, manoma suka koma gida, ya kutsa gonar Garba ta bakin tabki. Abin da ya fara gani shi ne ɓarna. Jan-baki sun cinye wannan ɓangaren tas, zangarniya ta koma tsintsiya. Ya auna daga danga ya tsaya inda Rashida ta ce. Dawa ce tsaye kamar ko'ina, sai dai wasu karare sun yi rawaya alhali maƙwabtansu kore shar. Ya kama ɗaya ya ja. Ya taso ba gardama, ba saiwa ko ɗaya, gindinsa yankan wuƙa. Sokawa aka yi a ƙasa. Ya durƙusa ya share da tafin hannu, sai ga ramuka huɗu da aka cike aka daddanne da dunduniya, dunduniyar da ya sani kamar tasa.

Nan ya zauna daɓas, kukan da bai yi a maƙabarta ba ya zo masa. Ya yi shi mai isarsa, tsuntsaye na ta shawagi a kansa. Da ya share ido, abin da ya rage a ƙirjinsa wuta ce zalla.

* * *

Washegari da hantsi mai unguwa ya tara su a lambu, bisa roƙon Ilyasu: Mansur raɓe a bayan mai unguwa, Yusuf da baƙin mai a hannu, Garba, da maƙwabtan gona. Rabin unguwa kuma suka gayyaci kansu. Can sai ga Rashida cikin farin hijabi. Tsofaffi suka fara ƙus-ƙus, mai takaba a lambu?

"Lalura ce," ta ce, ba ta dubi kowa ba.

Ilyasu, bindiga rataye a kafaɗa, ya ce wa Mansur ya ba shi zaren fatsa. Ya kafa ƙusa a ramukan bango biyu, ya ɗaura zare a kowace, ya zura su ta hudar kwano, ya ɗaura bakinsu a kan wata doguwar gora. Ya yi gabas yana ɗaga gorar a hankali, Rashida na tsaye a bakin kwano tana cewa ƙara, rage, har kowane zare ya miƙe ta tsakiyar hudarsa bai taɓa gefe ba.

"Mansur, je ka tsaya a kan sawunka."

Ya je ya tsaya. Zaren biyu suka wuce can sama da kansa. Ya miƙa hannu, ya yi ɗage, da ƙyar ɗan yatsansa ya taɓa.

"Ikon Allah!" in ji wani. Jama'a suka ɗauki hayaniya.

Ilyasu ya sa a yaye danga. Ya shiga cikin dawa da gorarsa, mutane na biye, zaren na ta hawa suna matsowa kusa da juna, har suka haɗu a kan gorar, sama da kan kowa. Ya kafa ta a ƙasa. Ya tsuge karan nan marasa saiwa ɗaya bayan ɗaya, ya share ƙasa da ƙafa, ramuka huɗu suka bayyana. Ya ɗauki kara ɗaya ya miƙa wa amininsa.

"Garba, tun yaushe dawa ke tsayuwa ba saiwa?"

Garba ya karɓa yana juya shi. "Yara ne da wasa, ƙila."

"Yara ne suka ɗauke maka rudu suka kai bakin titi? Ku da kuke manoma ku gaya mini. Jan-baki daga ina suke tasowa?"

"Daga bakin tabki," aka amsa.

"To wane manomi ne, dawarsa na nuna, zai kafa rudu a bakin titi ya ba tabki baya? Ku dubi zangarniyar nan. Garban da na sani ko tsaba ɗaya ba ya bar wa tsuntsu. Ya bar musu rabin gona don ya nisanta kansa da lambu."

"Wallahi nan rudun yake da!" Mansur ya yi ihu. "Ina ganin kansa ta saman danga in zan wuce. Tsoro ya ɗauke mini hankali!"

Garba ya dubi karan da ke hannunsa, ya yar. Ya juya ya dubi lambu ta inda aka yaye danga. Ba ɗakin inji yake kallo ba, rijiya yake kallo.

"Daga ƙasa danga ta rufe mini ita," ya ce, muryarsa ba rawa. "Shekara biyu ban gan ta ba, na zaci na warke. Bana na kafa rudu, na hau, sai ga ta. Baki buɗe, yadda take ranar da aka fito da Hussaina. Ko kara ɗaya bai ɗora mata ba, Ilyasu. Ko kara ɗaya! Kullum safiya ina zaune a sama ina kallonsa, yana kewaya ta yana fito. Fito yake yi!"

"Ka ce ka yafe!" in ji mai unguwa. "A gabana ka faɗa!"

"Baki ya faɗa, ranka shi daɗe. Kana dama, liman na hagu, gari duka na kallona. Mi zan ce?"

"Ka shiga kabarinsa," Ilyasu ya ce a hankali. "Ka kama hannuna ka nuna mini Mansur. Da bindigar wa ka harbe shi?"

"Da taka."

Ilyasu ya sauke ta kafaɗarsa ya saita. Mutane suka watse cikin dawa. Mai unguwa na kiran sunan Allah, yana cewa ya riga ya buga wa jandarmomi waya, suna hanya. Garba ko gezau, sai ma ya sa hannu biyu ya buɗe wuyan rigarsa.

"Harba, aboki. Na gaji."

Yatsan Ilyasu na kan kunamar bindiga. Yana so, Allah ya sani yana so, bai taɓa son wani abu a duniya kamar haka ba. Sai farin hijabi ya shiga tsakaninsu.

"Yaya, kada ka yi masa wanga alheri," in ji Rashida. "Ba ka ji ba? Hutu yake nema. Ni ban tashi daga tabarmata don ya huta ba. Bar shi ya tsufa a gidan kaso, ya rufe ido ya ga rijiya, ya buɗe ya ga Sule."

Ilyasu ya daɗe a saite kafin ya sunkuyar da bakin bindigar ƙasa.

Mai unguwa ya yi ajiyar zuciya, ya matso. "Allah shi yi miki albarka, Madam. Yanzu sai ki ce kin yafe, ko zukata su yi sanyi."

Ta juyo ta dube shi.

"Ban yafe ba, ranka shi daɗe. Kada ma a aiko mini liman. Ga wanda kuka sa ya ce ya yafe nan tsaye."

Suna nan tsaye motar jandarmomi ta iso.

* * *

Jama'a sun watse, an tafi da Garba Maraɗi tare da bindigar aro da aka zaro daga rumbunsa. Saura Mansur a lambu yana naɗe zarensa. Ilyasu ya je ya tsaya a gabansa.

"Mansur, na yi niyyar kashe ka. Da ka fito zauren nan da yanzu kana ƙasa. Ka yafe mini."

Mansur ya ci gaba da naɗi har ya kai ƙarshe, ya cusa zaren a aljihu.

"Ba yau ba, Baba Ilyasu."

"Gara haka," in ji Ilyasu. "Ranar da yafiyar ta zo daga ciki, ka zo ka gaya mini. In ba ta zo ba kada ka ara."

Ya bi ta cikin dawa har bakin titi, ya kwance rudun Garba, ya jido itatuwan a kafaɗa. Ya jera su a bakin rijiyar ɗaya kusa da ɗaya, ya ɗaure da igiya, ya danne da duwatsu. Yana yi yana zagin Garba, yana zagin kansa, daga ƙarshe har ƙanensa da ke kabari sai da ya zaga, hawaye na zuba a kan itacen.

Ya hau kan murfin ya yi tsalle, ko motsi bai yi ba. Duk aikin bai kai a dafa shayi ba.